Fijon Alhaji Tana Nguru

Talata, 8 ga Yuli, 2025

Malam Garba bakanike ya bugo daga Nguru ina tsakiyar suyar alkaki. Ya daɗe yana gaisuwa, har na san da magana a bakinsa. Wai mai filin garejin ya sayar, za a gina shaguna. Duk motar da ta kai 31 ga wata ba a ɗauke ba, 'yan gwangwan za a kira su yanyanka ta su auna a sikeli. Ya ce, "Hajiya Mabruka, motar marigayi Alhaji Kolo fa tana ciki." Kamar dai na manta.

Alkakin ya ƙone, kasko guda.

Laraba, 9 ga Yuli

Shekara biyu da wata uku ke nan. Maigidana Alhaji ya je ta'aziyya Gashuwa, a hanyar dawowa giyabos ɗin Fijo ya watse a Nguru. Ya bar ta wurin Malam Garba, ya shigo motar haya. Yana cire takalmi a ƙofar ɗaki na miƙa hannu kamar yadda na saba, ya yi dariya ya ce, "Tsarabarki tana but, na kulle. Bayan salla zan samo giyabos a Ƙofar Ruwa in je in taho da ita, ki buɗe da hannunki." Na yi juyin duniya ya faɗa mini mene ne, ya ƙi. Kwana tara bayan nan zazzaɓi ya tafi da shi.

Da aka zo rabon gado ba wanda ya so tsohuwar mota marar giya a wani gari. Na ce a saka mini ita cikin tumunina. Makullin but ɗin yana cikin gwangwanin allurata tun ranar.

Sau nawa aka ce mini in hau mota in je in buɗe in kwaso. Ba zan iya ba. Shekara ashirin da shida bai taɓa ba ni tsaraba a kan titi ba, sai a gida. Can ma a gida za a buɗe wannan. Na san taurin kai ne, ban damu ba.

Wata rana ina ganin laffaya ce, ruwan zuma, irin wadda na taɓa nuna masa a jikin wata a biki. Wata rana humra. Jiya har ƙamshin na ji.

Juma'a, 11 ga Yuli

Bilal ya zo bayan masallaci. Ƙanen nan nawa, Allah ya shirye shi, tun bara ya sa mai walda ya haɗa masa 'yar tirela ta ɗaukar mota, mai taya huɗu, wai zai shiga sana'ar kwaso motocin da suka mutu a hanya. Tirelar tana nan jingine a bayan Ƙofar Ɗan Agundi, yara suna lilo a kai, don ba shi da motar da za ta ja ta. Wanda ya fara sayen wutsiya kafin kai, ban taɓa gani ba sai shi.

Ya ce mu ɗauki janwe haya kawai. Na ce a'a. Janwe ɗaga gabanta zai yi ya ja ta a ƙasa tun daga Nguru, tayoyin da suka shekara biyu a rana. Kafin Gumel sun tarwatse. Kuma Alhaji ya tsani ganin ana jan mota da ƙugiya a hanci, cewa yake kamar an kamo akuya.

Sai na ce masa zan shiga sana'ar tasa, mu sayi a-kori-kura ta hannu tare. Sharaɗina biyu: aikin farko Nguru, kuma da ni za a zaɓa.

"Yaya, ke? Wurin dillalai?"

"Ni fa. Ko hijabin nawa ne zai toshe mini kunne?"

Litinin, 14 ga Yuli

Dillalinmu Auwalu. Ɗan siriri, hula a goshi, waya biyu. Idan ya buɗe baki sai ka rantse motar daga Makka aka sauko da ita. Da Bilal kawai yake magana, ni kuwa "Hajiya a zauna a inuwa."

Ta farko fara ce sol, a wani fili a titin Zariya. Ƙyalli kamar kwanon amarya. Bilal ya gama narkewa tun kafin mu tsallaka titi. Ni kuma na je na ɗora tafin hannu a murfin injin. Da ɗumi, ƙarfe tara na safe. Na ce wa Auwalu wa ya tayar da ita kafin mu zo, me take yi idan ta kwana wanda ba a so mu ji? Ya kalle ni, ya kalli Bilal.

Alhaji ne ya koya mini, ba da niyya ba. Mutum ne da ba ya iya cin abinci bai ba da labarin mota ba. Ni kuma ina gefe ina cewa to, to, ashe yana shiga.

Na sa Bilal ya kwanta ƙarƙashi da fitilar waya. Ƙugiyar jan kaya a jikin bamba aka yi mata walda, ba a shasi ba. Da mun ɗaura tirela da Fijo a kai, ramin farko bayan Malam Madori za mu waiga mu ga bamba da tirela da Alhajina sun kama wata hanyar. Ga ta gajera, ga rashin nauyi. Abin da take ja zai fi ta jiki.

A hanyar dawowa Auwalu ya daina cewa in zauna a inuwa.

Laraba, 16 ga Yuli

Biyu yau, duk ba labari. Ɗaya an shafe shasinta da baƙin fenti sabo, Bilal ya kankare da makulli, ga tabon walda tun daga nan har can, ta taɓa karyewa ke nan. Ɗayar na buɗe murfin baƙin mai na ga fari-fari kamar madara, ruwa yana shiga inji. Mai ita har da rantsuwa wai raɓa ce.

An yi ruwa da yamma. Ko suna rufe Fijon da wani abu a can Nguru?

Alhamis, 17 ga Yuli

Na leƙa Zangon Barebari wurin surukata Ya Kaka. Idanun sun kusa tafiya gaba ɗaya, bakin kuwa yana nan da kaifinsa. Na faɗa mata. Ta ce, "Ki kawo mini ita in shafa, 'yar nan. A cikinta ya kai ni asibiti sau bakwai, duk sau bakwai sai da aka tura."

Muka yi dariya. Da na fito zaure sai na tsaya na gyara fuska kafin in shiga lungu.

Asabar, 19 ga Yuli

Yau na ji shi.

Auwalu ya kai mu wani gareji bayan Ƙofar Wambai. Muna shiga wani ya tayar da mota a can ciki, ƙafafuna suka tsaya cak. Wannan tarin sau biyu kafin ta kama, sannan gurnanin, da 'yar rawar salansa. Fijo ce, a-kori-kura, shuɗiya, sa'ar ta Alhaji. Na shiga na zauna. Sitiyarin ɗaya, madannan ɗaya, har toka-tokar robar gaban. Ƙamshin kujerar ma, fetur da tsohon yadi.

Ban taɓa murfin inji ba. Ban sa an leƙa ƙasa ba. Na ce wannan za mu saya.

Bilal ya ja ni gefe. Ya ce, "Yaya, ke da bakinki kika ce sai mai nauyi, sai mai dizal. Wannan buhu goma na shinkafa aka yi ta domin shi, ba jan mota a kan tirela ba." Na ce 'yar'uwarta ce, ita ta fi cancanta ta ɗauko ta. Ya ce mota ba ta da 'yar'uwa. Na ce shi ma daga yau ba shi da ita. A gaban mutane.

Auwalu kuwa da ya ga inda zuciyata ta karkata, sai ga shi yana, "Hajiya ta san mota! Irin wannan ai an daina yi."

Lahadi, 20 ga Yuli

Bilal bai bugo ba. Ni ma ban buga ba. Saura kwana goma sha ɗaya.

Litinin, 21 ga Yuli

Ya zo da sassafe, bai ko zauna ba. Ya ce ya yarda, amma a gwada. A ɗaura tirela, a ɗora mota a kai, a hau tudu. Na ce wane tudu a Kano, sai dai mu hau Dala. Ya ce gadar sama.

Motar Auwalu aka ɗora, yana ta salati yana duba sarƙoƙi. Ni a gaba, Bilal a sitiyari. A miƙaƙƙen titi ta yi abin kirki, har na soma gyara zama ina kallonsa ta gefen ido. Muna fara hawa sai ta soma nishi. Giya biyu, giya ɗaya. Ƙaurin kuloci ya cika motar. Allurar zafi ta tashi ta tsaya a ja. Masu adaidaita sahu suna wuce mu suna leƙowa, wani har da "Alhaji a taimaka a tura?"

Gangarar ce ta fi. Ya taka birki, tirela ta ce ba ta san zancen ba. Na ji ana ture mu ta baya, bayan motar yana kaɗawa hagu da dama, Bilal ya riƙe sitiyari jijiyoyin hannunsa sun fito. Inna lillahi kawai nake. Da ƙyar ya samu gefe. Lagireto yana tafasa, Auwalu ya sauko daga acaɓar da ya biyo mu da ita ya rungume ƙofar motarsa.

Bilal bai ce na faɗa miki ba. Da ya faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Ya dai ce, "Yaya, ba shi ba ne. Ƙara ce kawai."

Na san ƙara ce. Amma shekara biyu ban ji ta ba. Na roƙi mai garejin ya sake tayar mini da ita sau ɗaya bayan ta huce, na tsaya na saurara, sannan muka tafi.

Laraba, 23 ga Yuli

Mummuna. Ba wata kalma. Doguwa, ruwan ƙasa, ƙofa ɗaya kore ce don ta wata motar ce. Warin albasa tun daga nesa. Mai ita Alhaji Ɗayyabu, dattijo manomi daga Kura, yana zaune a unguwar Ƙofar Mata, ya ce gwiwa ta hana shi zirga-zirgar gona.

Mun je kafin rana ta ɗaga, ban gaya wa Auwalu lokaci ba. Murfin inji sanyi ƙalau. Murɗawa ɗaya ta kama, hayaƙi kaɗan ya fita ya washe. Dizal ce, ƙararta kamar ana daka a turmi uku. Bilal ya shiga ƙasa ya daɗe, ya fito da ƙasa a gashi yana murmushi. Shasi lafiya, ba tabo. Sifirin ɗin baya an ƙara masa ganye biyu. Ƙugiya a jikin shasi take, da manyan kusoshi, dattijon ya ce da ita yake jan injin casa. Ruwan lagireto tas. Muka ɗaura tirela, wannan karon da aka kira Auwalu ya ce motarsa ba ta da lafiya, sai ta wani bakanike aka ɗora. Ta haye gadar tana hira. A gangara Bilal ya taka, komai ya tsaya tare.

Ban so ta ba ko kaɗan. Amma ita ce.

Bilal ya buɗe baki zai taya, dattijon ya ɗaga hannu. Ya ce ya bari mun gwada ne don Auwalu ya matsa, amma akwai ciniki a kanta. Wani mai sayar da robobi a Wambai ya taya shekaranjiya, an daidaita, ya nemi a ba shi zuwa Litinin bayan la'asar. "Na ba shi baki. Idan Litinin ta yi bai zo ba, taku ce."

Litinin 28 ke nan. Kwana uku kafin masu sikeli.

Alhamis, 24 ga Yuli

Na yi abin kunya, bari in rubuta don kada gobe in gyara labarin.

Na kira Auwalu ba da sanin Bilal ba, na ce ya je ya ƙara a kan abin da mai robobi ya taya. Ya ɗan yi jim, ya ce, "Hajiya, ciniki a kan ciniki fa." Na ce na sani, ya je dai. La'ada ta fi ƙarfin jim ɗin nasa, ya tafi.

Da yamma sai ga Alhaji Ɗayyabu da kansa a zaurenmu, da sandarsa. Daga bayan labule muka gaisa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce Auwalu ya ba shi labarin motar Nguru, ya ji tausayi, Allah ya jiƙan mai ita. "Amma Hajiya, in na karya wa wancan bawan Allah magana don ke, gobe ke ma ba ki da tabbas a kaina. Marigayin naki na san shi a masallacin Juma'a. Da shi ne zai aiko a yi haka?"

Da ƙasa ta tsage da na shige. Ba zai aiko ba. Shi da ya taɓa barin gida mai kyau a Gwammaja don wani ya riga shi tayawa da awa ɗaya, na yi wata guda ina masa gori.

Na ba da haƙuri. Na zuba masa alkaki a leda, ya karɓa, ya ce haƙoran dai babu amma jikoki suna nan.

Asabar, 26 ga Yuli

Malam Garba ya ce an fara kwasa. Jiya sun yanka wata bas da ke kusa da ita. Ya ce ya sa an tura Fijon can ƙarshen katanga don ta zama ta ƙarshe. Ruwa kuma ya fara cin hanya wajen Birniwa.

Bilal ya ji abin da na yi, Auwalu ba ya riƙe magana. Bai tayar da zancen ba, sai ma ya kawo mini gurasa. Wannan yaron ya iya hukunta mutum.

Ina kewar Alhaji yau har a gaɓoɓina. Ba wani babban abu ba, yadda yake shigowa yana kaɗa makullai yana tambaya wa ya taɓa masa rediyo.

Lahadi, 27 ga Yuli

Na yi addu'a Allah ya ba mai robobi abin da ya fi alheri. Na kuma ce, in da hali, ya ba shi a wani wurin.

Litinin, 28 ga Yuli

Tun azahar muna ƙofar gidan Alhaji Ɗayyabu, ni a cikin gida wurin iyalinsa, kunnena a waje. Aka yi la'asar. Ba mai robobi. Bilal ya ce to Baba, lokaci ya yi. Dattijon ya ce a'a, sai ya ji daga bakinsa. Ya buga, ba a ɗauka ba. Ya sake. Na ji kamar in fita in ƙwace wayar. A na uku aka ɗauka, ya sa a fili kowa ya ji.

Ashe mutumin ya je ya auna lungun rumbunsa da igiya, motar ta fi ƙarfin kwanar, ba za ta juya ba. Kunya ce ta hana shi zuwa ya faɗa. "Baba, na janye, Allah ya sa albarka." Tsayin nan da muke nema, shi ya kore shi.

Alhaji Ɗayyabu ya ce ya sallama. Ya miƙa wa Bilal makulli, sannan ya shafa ƙofar nan kore ya ce a riƙa duba mata ruwa kullum da safe, ba ta son a manta da ita. Na ga idonsa. Ashe ba ni kaɗai ba ce mahaukaciyar mota a garin nan.

Gobe takardu da sababbin tayoyin gaba. Jibi da asuba.

Laraba, 30 ga Yuli

A gajiye nake, amma sai na rubuta.

Mun isa Nguru kafin azahar. Wajen Birniwa ruwa ya kwanta a kan hanya, ƙananan motoci sun yi layi suna shawara, mummunar tamu ta ratsa ko tari ba ta yi ba.

Garejin ya zama fili, sai tabon baƙin mai a ƙasa da tarin gilasai. Ita kaɗai ta rage a jikin katanga, an rufa mata tsohuwar tabarma. Ta dusashe. Tayoyi sun zauna. Carbinsa yana nan rataye a madubi, rana ta cinye launinsa. Na yi niyyar ba zan yi kuka a gaban maza ba, niyyar ba ta kai ko'ina ba.

Malam Garba tsoho ne ashe, ban taɓa ganinsa ba sai murya. Ya ce ba wanda ya taɓa but ɗin, amana ce. Ya ce, "Watannin farko dai magunan unguwa sun so motar nan, Hajiya, kullum suna gindinta." Na ce Allah sarki, Alhaji mutum ne mai son dabbobi. Ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, sai ya fasa.

Mutum takwas suka tura ta kan tirela. Bilal ya sa aka matsar da ita gaba kaɗan don nauyin ya zauna a kan ƙugiya, ya ɗaure kowace taya da sarƙa. Duk tsawon hanya idona yana madubin gefe. Tana biye da mu, tana ɗan gyaɗa kai a kowane rami. Makullin yana ƙulle a bakin zanena, ban taɓa shi ba.

Mun shigo gari da magariba. Lungunmu ko adaidaita sahu ba ya shiga, sai a bakin masallaci aka sauke ta, inda Alhaji ya saba ajiyewa. Gobe, in Ya Kaka ta zo.

Alhamis, 31 ga Yuli

Kifi.

Bari in bi a hankali. Na yi wanka, na sa atamfar da yake so, har da turare, kamar wata sakarya. Bilal ya ɗauko Ya Kaka. Ta zagaya motar tana shafawa tun daga fitila har bamba, tana magana da ita da Barbarci, ban ji ko ɗaya ba. Maƙwabta sun taru a nesa suna yi kamar ba kallo suke ba.

Makullin ya ƙi, sai da aka ɗiga mai. Na murɗa. Murfin ya ɗaga.

Kwali ne babba, ɗaure da igiya, gefensa duk ɓeraye sun huda. Na kwance. Gari ne baƙi, da ƙayoyi, da kawuna, da ɓawon ƙwari. Banda. Kifin banda na Nguru, kwali guda, shekara biyu da wata uku. Warin ma ya gaji ya tafi, sai ɗan abin da ya rage. Na ɗaga kwalin na duba ƙasa, na duba bayan safaya, na laluba kowane lungu. Jak, da tsohon bel, da silifas ɗinsa. Shi ke nan.

Ni da ba na cin kifi! Ni da warin banda yake tayar mini da zuciya tun ina budurwa, kuma ya sani, shekara ashirin da shida ya sani! Shi ne mai so. Tsarabata wai. Nufinsa in tsaya a murhu in toshe hanci in yi masa miya, ya zauna ya ci yana santi yana cewa ai don ke na sayo. Haka ya yi mini da rediyo. Haka ya yi mini da agogon bango. Shi ya sa ya ƙi faɗa, ya san zan yi masa tijara.

Ya Kaka ta ce mene ne. Bilal ya faɗa mata. Ta sa hannu cikin garin ta shinshina, sai ta fashe da dariya har tana riƙe ƙofar mota. "Mijin naki ke nan! Yana ɗan shekara goma ya sayo mini ƙwallo wai tsaraba."

Ban yi dariya ba a lokacin. Na shige gida na rufe ɗaki, na zage shi tas. Macuci, mai son kai, ka sa na yi faɗa da ƙanena, na zubar da mutuncina gaban dattijo, na sayi motar albasa, a kan kifi. Da ƙarfi nake faɗa, kamar yana zaune a bakin gado yana sosa ƙeya yana jira in gama.

Sai da na yi shiru na gane. Tun ranar da aka fita da shi ban ji haushinsa ba ko sau ɗaya. Na mayar da shi wani waliyyi da ban taɓa aura ba. Yau mijina ne ya dawo, da halinsa. Wayyo Allah, ashe jin haushinsa ma na yi kewa.

Laraba, 6 ga Agusta

Bilal ya yi aiki biyu, Wudil da Bichi. Ya ce wani a Zariya yana da giyabos irin na Fijo, ko a kawo? Na ce ba sauri. Limamin masallaci ma ya aiko, cikin ladabi, wai sahun Juma'a yana kaiwa inda Fijon take. Na ce a ba ni mako biyu. Ban yi faɗa ba, ni kaina na yi mamaki. Rabona da leƙa ta tun Lahadi, aiki ne ya yi yawa, alkakin bikin gidan su Fatima maƙwabciyarmu.

Na shiga kasuwa sayen sukari, ban san yadda aka yi na biya ta layin masu banda ba. Don Ya Kaka ne, tsohuwa tana so. Na ɗaure hanci da ɗankwali na yi miyar, na kai mata da tuwo. Ta ce gishiri ya yi kaɗan, ta ce in zauna, ba ta cin abinci ita kaɗai.

Har yanzu wari gare shi. Loma biyu na yi don kada ta ce na raina ta.

To, huɗu.